Turmi a Bakin Kwami

Duk shekara in zafi ya kama, sai samari sun zo mini rumfar da nake ajiye kayan aikina a Tudun Wada. Su gaishe ni, su yi ta sosa ƙeya, can ɗaya ya ce, "Baba Haladu, a ɗauke mu aikin suwimin mana." Wato kula da wurin iyo. Abin da suka hango shi ne mutum tsaye a inuwa a gidan mai kuɗi, riƙe da doguwar sanda mai raga, yana tsamo ganye daga cikin shuɗin ruwa, in an sauke shinkafa a miƙo masa. Wani ma ya taɓa ce mini wai wannan ai hutu ne ake biyan mutum ya yi. Raina ya ɓaci, amma ban kore shi ba, don ni ma haka na ɗauka ina kamar shi. To ku zauna ku ji yadda aikin yake. Kuma in faɗa muku tun yanzu, a cikin labarin nan akwai wata yarinya 'yar shekara huɗu a wani gida a Ƙafin Maiyaki, wadda ni nake kula da ruwan gidansu, kuma tun ranar da aka cika ruwan na san ya fi ta tsayi nesa ba kusa ba.

Aikin farko da aka ba ni, a tsohon otal ɗin nan na bakin tafkin Bagauda ne, lokacin yana tashe. Ubangidana Baba Tanko masunci ne kafin a ɗauke shi kula da wurin iyon baƙi. Masu gida suna cewa suwimin, shi kuwa kwami yake cewa, don a wurinsa duk ruwan da aka kewaye da siminti kwami ne, ni ma a bakinsa na ɗauka. An zubar da ruwan bayan damina, gansakuka ta kama tayil tun daga sama har ƙasa. Ya miƙo mini burushi da bokiti ya koma gindin bishiya. Na wuni a durƙushe, na sake wuni, garin kulorin ya cinye mini fatar yatsu har ba na iya yin loma da tuwo mai zafi. Da na ce na gama, ya sauko ya shafa bangon da tafin hannunsa, ya ce, "Akwai santsi. Sake." Ya hau ya bar ni.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Raga ta ganye ce da kwaɗi. Tiyo mai zuƙe dattin ƙasa, in ka ja shi da gaggawa sai ya tayar da laka ruwan ya gurɓace, ka jira gobe. Famfo yana tura ruwa ta cikin tankin yashi yana tacewa, shi kuma yashin in ba ka wanke shi ba zai dawo maka da duk abin da ya tara. Alam yana kwantar da datti. Kulorin kuwa shi ne mai jawo zagi. In ya yi yawa, idon yaran gida ya yi ja, maigida ya kira ka ya wanke ka tas. In ya yi kaɗan, kafin mako ya zagayo ruwan ya koma miyar kuka. Wuta ta ɗauke, an hana janareta mai, famfo ya tsaya, duk da haka kai ne mai laifi. Na tsamo maciji, na tsamo akuya da ranta, na tsamo wayar wata amarya da hannuna a ƙasan ruwa ina shan harara kamar ni na jefa ta.

Duk wannan shara ce. Ainihin aikin, Baba Tanko ya faɗa mini shi tun makon farko: in akwai yaro a kusa, ba a juya wa ruwa baya. Ku kuna tsammanin wanda ruwa zai ci yana ihu yana ɗaga hannu. Ba ya yi. Bakinsa yana neman iska, ina ya ga ta ihu? Shiru yake tafiya, mutane suna hira a gefensa.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne turmi. Wata rana da yamma kwalekwale ya kife da wani magidanci kusa da gaɓar tafki, masunta suka tsamo shi. Nan da nan aka garzaya gidan da ya fi kusa aka ɗauko turmi, aka kwantar da shi a ƙasa, aka kifa mutumin a kai ruf da ciki, ana mirgina shi gaba da baya. Ruwa ya zubo ta baki da hanci, ya yi tari, ya buɗe ido, aka yi kabbara. Daga ranar babu wanda ya isa ya gaya mini wani abu ban da turmi. Duk yankin nan haka aka sani, daga Bebeji har Doguwa: wanda ya sha ruwa, a fitar masa da ruwan. Sai daga baya na tuna cewa mutumin nan yana ɗan numfashi tun kafin turmin ya iso. Na kuma tuna waɗanda aka mirgina ba su tashi ba, aka ce kwanansu ne ya ƙare.

Da harkar otal ta yi sanyi na tafi Kano, na samu aiki a wani rukunin gidajen ma'aikatan kamfani. A can ne aka tara mu, masu gadi da masu shara da ni, aka kawo wata ma'aikaciyar jinya da wani mutum-mutumin roba marar hannu marar ƙafa. Muka yi ta dariya. Ni da nake ganin na fi kowa sanin ruwa na ɗaga hannu na ce, "Malama, ina turmin?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, ba ruwan da ke cikinsa ne yake kashe shi ba. Rashin iska ne. Duk lokacin da ka ɓata kana neman turmi, ƙwaƙwalwarsa tana mutuwa. In ba ya numfashi, kai ne numfashinsa, kai ne zuciyarsa, har Allah ya kawo ɗauki."

Ta nuna mana. A kwantar da mutum rigingine a kan ƙasa mai tauri. A tura wani ya nemo mota ko ma'aikacin lafiya, kai kar ka tashi. A ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska a baki har a ga ƙirjin ya ɗago. Sannan a ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji a danna da ƙarfi da sauri, sau talatin, a hura sau biyu, a koma danna. In ƙaramin yaro ne, hannu ɗaya ya isa. In ya yi amai a juya shi gefe a share bakin a ci gaba. Ba a tsayawa don an gaji, sai dai wani ya karɓa. Ta sa kowa ya durƙusa ya yi a kan robar nan, ta buge mini gwiwar hannu ta ce in miƙe ta. Ta ce wanda bai taɓa yi da hannunsa ba, ranar da abin ya zo, jikinsa ba zai yarda ya yi ba.

Na dawo gida daidai lokacin da masu kuɗin yankinmu suka fara gina manyan gidaje a garuruwansu. 'Yan kasuwar hatsi, 'yan siyasa, masu motocin haya. Wannan ya ga kwami a gidan abokinsa a Abuja, shi ma sai ya haƙa. Na samu gidaje a Tudun Wada da Kiru da Bebeji, har da wani gidan gona can cikin dajin Doguwa, ina zagaya su a kan babur, sandar raga a ɗaure a gefe, yara suna bi na suna cewa ga mai kamun kifin masu kuɗi. Yawancin masu gidajen nan ba su iya iyo ba. Akwai wanda har ya sayar da gidan bai taɓa tsoma ƙafarsa ba, sai dai in baƙi sun zo a jera kujeru a baki a ɗauki hoto. Yara da jikoki su ne masu shiga, su ne kuma masu zagaya wurin in manya suna barcin rana.

Wani aiki a Tudun Wada ba zan manta da shi ba. An kira Sani magini ya gyara tayil ɗin bakin kwami, ruwa cike. Ina ɗakin famfo ina kwance tankin yashi, na fito ban gan shi ba, sai takalminsa. Na leƙa, ga ƙato kwance a ƙasan ruwa a ɓangare mai zurfi. Na faɗa na jawo shi, na kwantar da shi a kan siminti, babu numfashi. Na hura, na danna, na hura, na danna. Na ji wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin hannuna, ban tsaya ba. Mai gadi yana tsaye yana salati yana cewa in bar gawa ta huta. Can Sani ya yi wani irin gurnani, ya kelaya amai a jikina. Yana nan da ransa yau, 'ya'yansa bakwai, in sanyi ya shigo sai ya dafe gefen ƙirji ya ce Haladu ya cuce shi, muna dariya.

Shi da wasa yake faɗa, amma gari bai ɗauka da wasa ba. Labarin da ya zaga kasuwa shi ne Haladu ya hau ƙirjin mutum ya karya masa haƙarƙari, har ya sa bakinsa a bakin ƙato. Cewa mutumin ya tashi, wannan aka bar wa Allah, kuma gaskiya ne nasa ne. Karayar ita aka bar mini.

Gidan Alhaji Munzali a Ƙafin Maiyaki ni na fara cika kwaminsa. Dillalin masara ne da Allah ya buɗa wa, mutum mai fara'a, bai taɓa riƙe mini haƙƙina ba. An gina kwamin a bayan gida, tsakanin ɗakin girki da sashen mahaifiyarsa, Hajiya Inna, babu shinge babu komai, tayil mai santsi har bakin ruwa. Ni ta wata ƙaramar ƙofar baya nake shiga da safe, in na yi sallama matarsa Hadiza ta shige ɗaki. Wadda ba ta shigewa ita ce 'yarsu ta fari, Ummita, mai sunan Hajiya Inna. Takan tsaya tana kallon raga, in na tsamo kwaɗo ta yi tsalle ta ce in ba ta ta kai wa kakarta.

Ranar da na ga ta miƙa hannu tana son kamo wani fure da ke yawo a kan ruwan, na jira Alhaji a zaure. Muka gaisa, na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, magana biyu gare ni. A sa wa kwamin nan shinge da ƙofa. Sannan a bar mutanen gida su koyi abin da ake yi wa wanda ya nutse. Ba ni zan shiga in koya musu ba. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a nan garin, mace ce, na yi mata magana ta ce za ta zo."

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Haba Malam Haladu. Da safiyar nan? Ka zo gidana kana yi wa iyalina fatan nutsewa?"

"Ba fata ba ne, Alhaji. Ni sau biyu nake zuwa a mako. Su ne kullum a gidan."

"To Allah ya tsare. Ka daina kira mana abin da babu shi. Shinge kuma za a duba."

Hajiya Inna tana jin mu daga tsakar gida, ita tsohuwa ce, ba ta ɓuya. Ta fito tana dogara sanda ta ce, "Kai ne wanda ya karya Sani magini?"

Na durƙusa na gaishe ta na ce, "Ni ne, Inna. Amma yana nan yana cin tuwo."

Ta ce, "Ni 'yar masunta ce, a bakin ruwa aka yanke mini cibiya. Mutum uku aka tayar da turmi a gabana. Ƙato ma ka karya shi, ina ga takwarata da ƙirjinta bai fi tafin hannunka ba? Allah ya kiyashe mu da wannan ilimin naka."

Ban daina ba. Bayan sallah na sake tayar da maganar, Alhaji ya yi dariya ya sa mini suna Malam Fata. Da zafi ya dawo na sake, ya ce magini ya yi masa tsadar shinge, kuma zai ɓata kyan wurin. Ba shi kaɗai ba ne. Duk gidajen da nake zuwa na yi wannan maganar, babu inda aka ce mini to a kira ta. Mutanenmu suna ganin in ka ambaci abu ka kira shi, in ka yi shiru ya wuce gidan maƙwabci. Har na fara jin kunyar buɗe baki, ina ganin yadda ake sauya fuska in na ce ina da magana.

Ranar wata Juma'a ce cikin bazara. Na dawo daga Doguwa, ina alwala a bakin masallaci a Tudun Wada, waya ta yi ƙara. Muryar mace, tana haki. Ban taɓa jin muryar Hadiza sosai ba sai ranar. Maza duk sun tafi masallaci, har mai gadi, wayar Alhaji a kashe, lambata ce a rubuce a bangon ɗakin famfo.

"Baba Haladu, yarinyar nan ce. Ta faɗa ruwa. Mun tsamo ta da sandar da ka bari a nan, ba ta motsi."

"Tana numfashi? Sa kuncinki a bakinta."

"Ba na jin komai. Inna ta ce a kawo turmi."

Na jefar da buta. Na ce wa Hadiza, "Hajiya, ki saurare ni don Allah. Kar a sa ta a turmi. Ki kwantar da ita rigingine a kan tayil. Ki ɗaga haɓarta, ki toshe hancinta, ki hura mata iska a baki. Yanzu, yanzu."

Ina jin ƙarar turmi ana gangaro shi a kan siminti. Ina jin Hajiya Inna tana cewa, "Miƙo mini ita. Riƙe ƙafafun." Hadiza ta ce da ƙaramar murya, "Inna, wai ya ce a kwantar da ita a danna ƙirji." Tsohuwar ta daka mata tsawa: "Ya karya mini ita? Ke matsa, ruwa ne a cikinta, yanzu zai fito."

Ku da kuke 'yan yankin nan kun san abin da nake nufi. 'Yar fari ce, ko sunanta uwar ba ta kira, balle ta nuna damuwa da ita a gaban mutane. Ga shi kuma surukarta ce, uwar mijinta, ta riƙe yarinyar. Wace mace ce aka raina a gidan mutunci za ta fizge 'yar fari daga hannun uwar miji, ta ce ita ta fi sani, a kan maganar wani mai wankin kwami a waya, maganar da ba ta taɓa ganin an yi ba? Da hannunta ya taɓa yi ko sau ɗaya, na yi imani da ba ta tsaya neman izini ba. Amma abin da take da shi murya ce a kunne, ita kuwa tsohuwa tana da abin da ta gani da idonta.

Na yi ta ihu a waya har mutanen sahu suka juyo suna kallo na. "Ki karɓe ta! Hajiya, ki karɓe ta!" Ina jin turmi yana gurgur, gaba da baya. Na ji tsohuwar ta ce, "Ga shi nan yana fitowa, alhamdu lillahi." Ruwan ciki ne yake zuba, kuma na san zubarsa ba ta nufin komai. Sai sabis ya yanke. Na bar sallar na hau babur.

Ban san yadda na yi tafiyar ba. Na shiga gidan ta babbar ƙofa babu sallama, abin da ban taɓa yi ba a gidan kowa. An sauko daga masallaci, Alhaji yana tsaye da babbar riga, an shimfiɗe yarinyar a kan tabarma an lulluɓe ta da zani. Turmin yana gefe a jiƙe. Na ce, "Alhaji, ka bar ni in gwada." Na yaye zanin, na hura, na danna da hannu ɗaya, na hura. Jikinta ya riga ya yi sanyi, leɓenta ya canza launi. Na ci gaba duk da na sani. Can ya dafa kafaɗata ya ce, "Bari, Malam Haladu. Ya isa." Kafin la'asar ta yi nisa an kai ta.

A zaman makoki na ji magana iri-iri. Wani ya ce dama wurin da aka haƙa kwamin akwai tsohuwar tsamiya, masu wurin ne suka karɓi abinsu. Wata ta aiko da cewa ruwan da ba ya gudu ba a kwana da shi a gida. Akwai wanda ya kalle ni ya ce wa na kusa da shi, a hankali amma don in ji, "Ai shi ya yi ta faɗa har ta tabbata." Limamin unguwar, dattijo mai ilimi, ya yi ƙoƙari. Ya ce ajali gaskiya ne, amma neman sanin yadda ake ceton rai ba jayayya da ƙaddara ba ne, aikin lada ne. Aka gyaɗa kai, aka shafa fatiha, aka kawo ruwan sha. Hajiya Inna kuwa ban riƙe ta da komai ba. Ta yi abin da ta sani da duk ƙarfin da ya rage mata, don ta fi kowa son yarinyar. Tun daga ranar ba ta ƙara fitowa tsakar gida ba.

Shekarar nan ita ce mafi muni a sana'ata. Labari ya bazu, masu gidaje suka yi ta zubar da ruwa. Wani ya mayar da kwaminsa wurin shanya masara, wani ya zuba kifi. Waɗanda ba su zubar ba suka sallame ni suka ɗauki wani, don an ce bakina ba shi da kyau. Na koma gyaran famfon ban ruwa a gonakin rani, na sayar da tiyo da raga ɗaya. Yunwa ba ta fi damuna ba. Abin da ya fi ci mini rai, na yi zaton ko mutum ɗaya zai zo ya ce, Haladu, mene ne abin nan da kake ta faɗa, a nuna wa iyalina. Babu wanda ya zo. Da bazara ta zagayo zafi ya gallabi mutane, aka wanke kwamaye aka sake cikawa, aka nemo ni don sabbin yaran sun mayar musu da ruwa kore. Na koma, don ina da iyali. Yau gidajen sun fi na da yawa, jikoki sun fi na da yawa, kuma a iya sanina babu gida ɗaya da matan cikinsa suka taɓa durƙusawa suka gwada danna ƙirji. Na gaji, kuma ba na ganin zan ga canjin da idona.

Saboda haka in kun ce in ɗauke ku, ga abin da kuke nema. Za ku iya tsaftace ruwa har mutum ya ga allura a ƙasansa, wannan ba wuya, wata biyu ya ishe ku. Zan kai ku a koya muku hura iska da danna ƙirji kafin in ba ku raga. Amma ku sani, ranar da za a buƙace ku, kuna wani gari a kan babur. Wanda yake gidan shi ne zai yi ko ya kasa, kuma shi ne wanda ba zai yarda ya koya ba.

Zuwana na ƙarshe gidan Alhaji Munzali, bayan wata uku ne da rasuwar. Ya yanke shawarar cike kwamin, tifa ta riga ta juye jar ƙasa a ƙofar baya, ya aiko in zo in kwance famfo da tankin yashi a sayar. Ina durƙushe da sifana a ɗakin famfo, sai na ji motsi a bayan ƙyauren ɗakin girki. Hadiza ce. Ba ta fito ba, inuwarta kawai nake gani ta ƙasan ƙofa.

"Baba Haladu, ina wuni."

"Lafiya lau, Hajiya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya." Sai ta ce, "Abin nan da ka yi ta faɗa mini a waya. Shekara nawa ake yi ana koyonsa?"

Na ajiye sifanar. Na gane abin da take so in ce. Wata ukun nan da shi ta rayu, cewa ilimin likitoci ne, na shekara da shekaru, wanda mace irinta ba za ta taɓa iyawa ba ko da an kira ma'aikaciyar jinyar. Na so in ce mata shekara bakwai. Wallahi na so. Amma tana da ciki a lokacin, gidan iyayenta kuma a bakin tafki yake.

Na ce, "Hajiya, mu da aka koya mana, bayan azahar aka fara. La'asar a gida na yi ta."

Sai na ji jikinta ya goga ƙyauren, ta zame ta zauna a ƙasa.

"Azahar zuwa la'asar," ta ce.

Na ɗaure famfon a bayan babur. Har na tura babur ɗin na fita ta ƙofar baya ina jin ta a bayan ƙyauren, ba kuka take yi ba, faɗa kawai take tana sakewa, azahar zuwa la'asar, azahar zuwa la'asar.